Hilux ɗin Tamiya ta biya kuɗinta

Na haɗa ƙaramar motar kwaikwayo ta Toyota Hilux, irin wadda ake saye a kwali a haɗa da hannu, ta kamfanin Tamiya na Japan, gaskiya kayan nan sun burge ni. Tsawonta kusan tafin hannu ɗaya da rabi, kowane ɓangare yana shiga mazauninsa cif ba sai ka yi ta goga da fayil ba. Takardar bayanin ma hotuna ne, ko ba ka jin Turanci zaka gane. Abin da ya ɗan ba ni haushi babu gam babu fenti a kwalin, sai ka saya daban, kuma ƙananan madubin gefe wallahi sai da hantsaki, ɗaya ya faɗi ƙarƙashin kujera na yi rabin awa ina nema. Kar ka sa gam a gilashi, fari yake yi.