Fahas kafin sayen Camry 2013 a Jidda: takarda fes, mota na kakkarwa

Takardar da wani gidan fahas (wurin duba lafiyar mota) na sana'iyya, unguwar makanikai, ya ba ni a kan Camry 2013 shafi uku ce, ko'ina alamar lafiya, a gaban injin an rubuta babu matsala. Kilomita 90 bayan an mayar da istimara, wato takardar rajistar mota, sunana, fitilar cek ta kama a hanyar Makka, motar kuma ta fara kakkarwa a kowace danja, musamman in esi na aiki. Fahas cikakke na biya.

Abin da ya ƙona min rai shi ne yadda gano ciwon ba shi da wuya. Na soka ƙaramar na'urar OBD, mai karanta lambobin matsala daga kwamfutar mota, a soket mai baki 16 da ke ƙarƙashin sitiyari, ta fito da lambobi biyu: P0302, wato silinda ta biyu ba ta ƙona mai daidai, da P0171, wato iska ta yi wa fetur yawa. Sai na duba tafiyar da motar ta yi tun ranar da aka goge lambobin ƙarshe, na ga kilomita 96. Ma'ana dab da a kai ta fahas aka share ƙwaƙwalwarta. In an goge lambobi ko an cire kan batir, gwaje-gwajen da kwamfutar mota ke yi wa kanta, irin na katalis da na sensar iskar salansa, duk suna komawa matsayin ba a kammala ba, sai an yi tafiya mai ɗan nisa su cika. Wannan yana nan a fili a allon kowace na'ura. Wanda sana'arsa ke nan ya ga haka ya rubuta babu matsala, ko bai duba ba, ko bai san abin da yake gani ba. Ga shi da zafinta aka kawo motar, ba su bari ta huce an tayar da ita a sanyi ba, alhali a sakan biyun farko na tashin safe ake jin ƙarar giyar VVT-i, mai daidaita lokacin buɗewar bawul, a wannan injin na 2AR-FE.

P0302 ba ta buƙatar canke. An cire kwayil na silinda ta biyu an musanya da na ta uku, aka goge, aka zaga: lamba ta koma P0303. Ciwo ya bi kwayil ke nan, ba fulogi ba ne, ba nozul ba. Kwayil ɗaya na saya na asali, kada a yaudare ku da na tashlih, inda ake kwance tsofaffin motoci, ko masu arha huɗu a kwali. Fulogi kuwa duka huɗun na canja, na iridiyam, domin bakin tsofaffin ya cinye, kuma fulogi mai faɗin baki shi ke wahalar da kwayil har ya ƙone. P0171 ta fi ɓuya. A silo, wato inji na aiki mota na tsaye, kwamfuta na ƙara fetur da kashi 18 cikin ɗari, da an taka totur zuwa juyi 2,500 a minti sai ƙarin ya sauka kusan 4. Wannan alamar iska ce ke satar hanya ta shiga bayan sensar MAF, mai auna iskar da ke shiga inji. Da famfon mai ne ya yi rauni, da a sama abin zai ƙaru. Tiyon robar da ke tsakanin gidan filtar iska da totur ne ya tsage ta ƙasa, a cikin lanƙwasa, sai an cire an lanƙwasa shi da hannu ake gani. Zafin Jidda ba ya barin roba.

Gaskiya a faɗe ta, a ɓangaren bodi sun yi aiki. Sun auna kaurin fenti ƙofa-ƙofa, sun gano an sake fesa ƙofar baya ta dama, sun ɗaga motar sun nuna min shasi lafiya, har sun karanta shekarar tayoyi. Da wannan na samu ragi a wurin mai motar, har na ce zan iya turo musu wani.

To amma na fasa, domin bayan injin ya daina kakkarwa sai wani abu ya fito: tsakanin gudun 40 da 80, ƙafa na kan totur kaɗan, motar na ɗan girgiza kamar an hau burji. Sanannen ciwo ne a Camry 2012 zuwa 2014, daga kwanbatar giya, mai miƙa ƙarfin inji zuwa giya, wadda makanikan nan ke ce wa baɗɗiha. Tuƙin minti goma zai fallasa shi, kuma akwai gurbin gwajin titi a takardarsu, an yi masa alamar an yi, alhali motar ba ta fita ƙofar warsha, wato garejinsu, ba. Da na koma na yi magana, cewa aka yi su abin da na'ura ta nuna a ranar suke rubutawa.

Yanzu an juye baƙin mai, lita 4.4 har da filta, an duba famfon ruwa ko akwai busasshen ruwan hoda a gefensa, babu. Saura giya: ba ta da sandar awo, man Toyota mai suna WS take sha, kuma sai zafinsa ya kai wajen digiri 40 ake daidaita shi ta ƙasa. In an canja man an sabunta manhajar kwamfuta girgizar ba ta tafi ba, sai an sauke giya an canja kwanbata, kuma wannan kuɗin daga aljihuna zai fita.