Gargaɗi ga masu lambun furanni na Damagaram game da takardar mallakar iri ta bogi

Ina jan hankalin masu renon furanni da itatuwan ado a Zinder, tun daga masu kasa dashe a bakin titi har zuwa masu lambuna na wajen Miriya, cewa akwai wani mutum da ke zagayawa da jakar takardu yana cewa shi wakili ne na hukumar kare haƙƙin masu ƙirƙirar iri. Yakan tsaya gaban tukwanen ƙariya, ya ɗauki hoto da wayarsa, ya yaba launin furen, sannan ya ce wa mai lambu: "Alhaji, wannan irin naka ne, idan ba ka yi masa takarda ba wani zai riga ka, ya hana ka sayarwa." Daga nan sai ya nemi jika ashirin ko talatin na buɗe fayil, ya yi alkawarin kawo takarda cikin mako biyu. Takardar da na gani a hannun wani dattijo tana da hatimi ja da zanen fure, amma babu lambar rajista a kanta, babu sunan irin, kuma lambar waya ce kawai a wurin adireshi.

Haƙƙin da yake fakewa da shi gaskiya ne, shi ya sa ƙaryar take shiga. Nijar tana cikin ƙasashe 17 na OAPI, ƙungiyar Afirka ta kare haƙƙin masu ƙirƙira, wadda hedkwatarta take Yawunde a ƙasar Kamaru, kuma yarjejeniyar Bangi ta 1977, bayan gyaran da aka yi mata a 1999, ta tanadi kariya ga wanda ya ƙirƙiro sabon irin shuka, na abinci ne ko na ado. A 2014 OAPI ta shiga UPOV, ƙungiyar duniya ta kare sababbin irin shuka mai mazauni a Janeba. To amma a nan OAPI ce kaɗai ke bayar da takardar, ba wani mai yawo a kan babur ba, kuma ba ta bayarwa sai an tabbatar irin sabo ne, ya bambanta da duk wanda aka sani, tsirransa sun yi kama da juna, kuma ba ya sauya kama idan aka ci gaba da yaɗa shi. Wannan tabbaci ana samunsa ne ta hanyar shuka irin a filin gwaji a lura da shi har ya girma ya yi fure, aikin da ba ya yiwuwa da hoton waya, balle cikin mako biyu. Kariyar da ake samu bayan haka ta shekara 25 ce.

Sharaɗin sabunta shi kaɗai ya isa ya tona asirinsa. Irin da aka fi shekara guda ana sayar da shi a ƙasashen OAPI ya fita daga sahun sababbi, alhali furannin da yake cewa zai yi wa rajista sun daɗe a kasuwa. Ƙariyar da kakanninmu suka sani a daji ba mallakin kowa ba ce, kuma babu wanda zai hana ka sayar da ita. Ya kan kawo labarin albasar Galmi don ya tsorata mutane, cewa wani kamfanin iri na waje ya taɓa neman mallake sunanta. An yi hakan, amma hukumomin Nijar sun ƙalubalanci neman, domin irin manoma ne da aka daɗe da sani, wanda ke nuna akasin abin da yake faɗa.

Abin da ya fi ɓata mini rai shi ne fuskarsa ta biyu. Wanda ya ƙi biyan kuɗin takarda sai ya juya masa da barazana, ya ce ƙariya mai aure da ke lambunsa ta wani kamfanin Tailan ce, za a ci shi tara idan bai sasanta nan take ba. Mutanen da suke sayen ruwa a garuwa don su raya tukwane a garin da kowa ya san wahalar ruwansa, su ne ake tsoratarwa haka. Ko da irin yana da mai shi, kotu ce ke yanke hukunci bayan an kawo ƙara da hujja, ba a karɓar tara a bakin lambu.

Yana kuma sayar da ƙwayar iri a ƴan ledoji da hoton ƙariya shuɗiya. Babu ƙariya shuɗiya, hoton rini ne na kwamfuta, kuma masu fure ninki-ninki ta hanyar aure ake yaɗa su, domin ƙwayarsu ba ta maimaita kamar uwa.

Wanda da gaske ya haɗa iri ya samo sabon fure, ya dakata da sayar da shi, ya tuntuɓi ofishin da ke wakiltar OAPI a Yamai da kansa. Wanda kuma ya riga ya biya wannan mutumin, kada ya yaga takardar don kunya: ya haɗa ta da shaidar tura kuɗin da lambar wayar, ya kai komisariya ko wurin jandarma, ya kuma sanar da maƙwabtansa masu lambu.