Yadda dmesg ya hana ni jefar da faifai mai lafiya

Ni da can ko kallon dmesg, wato umarnin Linux mai nuna saƙonnin da kwamfuta ke rubutawa game da na'urorinta, ba na yi, in kwamfuta ta fara rashin mutunci kashewa nake in kunna in ce Allah ya kyauta. Abin da ya kai ni gare shi wani faifan ajiya ne na waje da nake tara hotunan bikin kwastomomi a ciki, in na jona ta USB sai ya fito ya ɓace, ya fito ya ɓace, gabana na ta faɗuwa don aikin mutane ne, har na fara lissafin kuɗin sabo.

Wani abokina ya ce malam kar ka yi gaggawa, buɗe taminal, wato tagar rubuta umarni, ka rubuta sudo dmesg -w sannan ka jona faifan ka zuba ido. Wannan sudo ɗin dole ne a Ubuntu, wani nau'in Linux, tun daga sigar 20.10, in ba ka sa ba zai ce ba ka da izini. Shi kuma -w yana barin allon a buɗe, duk abin da kanel ya faɗa kana gani nan take, kanel ɗin kuwa shi ne zuciyar Linux mai hulɗa da faifai da kati da duk abin da ka jona. Ina jonawa sai ga layi yana ta maimaituwa, device descriptor read/64, error -71, can kuma USB disconnect. Babu I/O error ko ɗaya, wanda shi ake yawan gani in faifan ne da kansa ke mutuwa. Na canza waya kawai, shi ke nan fa, har yau bai sake ɓacewa ba. Wayar da ban ma zarge ta ba.

Amma in ka rubuta dmesg zalla zai juye maka layi ɗari-ɗari tun daga lokacin da ka kunna na'ura, yawanci surutu ne da ba ruwanka da shi. Sai ka tace. Saƙonnin matakai 8 ne, daga emerg har debug, ni dai dmesg -l err,warn nake yi, kuskure da gargaɗi kaɗai ya nuna min, in kuma abu ɗaya nake nema sai in haɗa da grep -i usb, ya tsamo min layukan da ke da kalmar usb kaɗai. Kuma ba duk jan layi ne bala'i ba, akwai wani ƙorafin ACPI, wato tsarin kula da wutar kwamfuta, da tawa take yi kullum da safe kamar tsohuwa mai ciwon gwiwa, kuma lafiyarta ƙalau.

Inda ya ba ni haushi shi ne lokaci. Daƙiƙu yake ƙirgawa tun daga kunnawa, ka ga wata lamba kamar 5231.44 ka rasa ƙarfe nawa ke nan. Sa -T zai mayar da ita kwanan wata da agogo, to amma in ka taɓa rufe murfin laftop ta yi barci lissafin ya karkace, na sha ruɗewa kafin in gane. Sannan ba ya da riƙo, a cikin memori yake ajiya, in wurin ya cika sabo ya ture tsoho, in aka ɗauke wuta kwamfuta ta mutu komai ya tafi. Ranar da ta daskare min sai da na koma journalctl -k -b -1, wani umarni mai karanta saƙonnin da aka adana a faifai, na ga saƙonnin kunnawar baya, can na tarar da Out of memory: Killed process, ashe buɗe shafukan intanet barkatai da nake yi ne ya cinye memorin.