Girgizawa ko busawa: wace hanya ta fi wajen auna metan a ruwan Maga?

Malam, ka ce ruwan tafkin Maga, a yankin Arewa Mai Nisa na Kamaru, ka raba biyu, ka aika wa wani ɗakin gwaji a Njamena da wani a Yawunde don su auna iskar metan da ke narke a cikinsa, sakamakon ya dawo hannun riga. Ɗaya girgiza kwalba yake yi, ɗaya busa iska, kana son sanin wa za ka gaskata.

Masu girgizawa suna soka allura ta toshiyar robar kwalbar, su zuƙe ɗan ruwa su cike gurbinsa da hiliyom ko naitirojin, su girgiza har metan ya rabu tsakanin ruwan da sararin da ke samansa. Iskar saman suke kai wa na'urar kuromatograf, mai rarrabe iskoki ta auna yawan kowace. Wanda ya rage a ruwa kuwa lissafinsa ake yi da dokar Henry, wato ƙa'idar da ke nuna yawan iskar da ke narkewa a ruwa, kuma lissafin ya rataya ne a kan zafin ruwan a lokacin girgizawa. In ma'aikaci ya rubuta digiri 20 alhali an ɗauke wuta ɗakin ya kai 35, ai tun nan an kauce.

Masu busawa kuwa hiliyom suke ratsawa cikin ruwan ya kwaso metan ɗin kakaf, su tare shi a bututu mai tsananin sanyi, sannan su ɗumama su auna. Wannan hanya ta fi kama ɗan ƙanƙanin abu, shi ya sa masu aikin teku ke son ta. Sai dai tana cin kuɗi, ga neman ruwan naitirojin na sanyaya bututun, wanda ba a bakin hanya ake samunsa ba a nan Arewa Mai Nisa. Ruwan fadamun Logon da gonakin shinkafa na Yagwa cike yake da ruɓaɓɓiyar ciyawa, metan ɗinsa ya ninka na saman teku nesa ba kusa ba. A ganina girgizawa ta wadatar da kai.

Amma ban ɗora laifin saɓanin a kan hanyar ba. Gwajin da aka wallafa a 2018, inda aka raba wa ɗakunan gwaji na ƙasashe da dama ruwa ɗaya daga tekun Pasifik da na Baltik, ya nuna saɓani ko a tsakanin ƙwararru, musamman inda metan ya yi ƙaranci, kuma iskar ma'auni da kowa ke saita na'urarsa da ita na cikin abin da aka yi nuni da shi.

Sai kuma kwalbar kanta. Kumfa ɗaya kamar ƙwayar gero a ƙarƙashin toshiya tana jan metan daga ruwa. Ƙananan halittun cikin ruwa masu cin metan ba sa hutawa a zafin Afrilu, matuƙar ba a sa musu magani ba, kuma hanyar Yawunde ta fi ta Njamena tsawo ƙwarai.

Ka tambayi ɗakunan biyu silindar ma'aunin da suke amfani da ita, su yi musayar samfur daga cikinta. In ka koma Maga, ka cika kwalabe da siririn tiyo daga gindi har ruwa ya yi ambaliya, ka toshe ba kumfa, ka aika wa kowannensu uku-uku cikin ƙanƙara.