Kafin Ka Biya Kuɗin Koya Wa Yaronka Haɗa Manhajar Waya

Iyaye da malamai sukan tambaye ni inda ya dace yaro ɗan shekara 12 zuwa 17 ya fara koyon haɗa manhajar waya, kuma amsar da nake ba su ita ce MIT App Inventor, tun kafin su ba wa kowa ko sisin kwabo.

Kamfanin Google ne ya fito da shi a 2010, daga baya ya miƙa shi ga jami'ar MIT ta Amurka, wadda take kula da shi har yau, kuma kyauta ne. Yaro ba ya wahalar rubuta dogayen layukan umarni, tubala ne masu launi yake jawowa yana jera su kamar magini, wannan na danna maɓalli, wancan na kunna sauti, kuma tubalin da bai dace da ɗan'uwansa ba ba zai zauna ba. Da ya sauke AI2 Companion, wato manhajar gwada aikin App Inventor, a wayar Android ya haska lambar QR da ke fuskar kwamfutarsa da kyamara, nan take aikinsa zai bayyana a hannunsa. Da idona na ga 'yar ƙanwata ta haɗa manhajar da ke nuna ranar kwasar kowa a adashin mahaifiyarta, da sunan farko ya fito a fuskar wayar sai ta ruga madafa da gudu tana kiran Umma ta zo ta gani. Da kayan aikin MIT ne 'yan mata biyar daga Onitsha suka haɗa manhajar gano jabun magunguna, wadda ta ciyo musu zinare a rukunin ƙanana na gasar Technovation a Amurka a 2018. Illarsa guda ita ce yana buƙatar intanet, saboda haka a yi tanadin kuɗin data.

Cikin sauran kayan koyon, Scratch na ƙananan yara ne, kuma ba ya fitar da manhajar da za a girka a waya. Thunkable kusan irin tsarin App Inventor ne, sai dai da aiki ya fara yawa za a nemi ka biya. Flutter da Android Studio na wanda ya riga ya ƙosa ne, domin sai an koyi harshen rubuta manhaja na Dart ko Kotlin, ga kuma buƙatar kwamfuta mai RAM, wato ƙwaƙwalwar aiki, aƙalla 8GB.

Inda na fi son a buɗe ido shi ne cibiyoyin horo masu karɓar kuɗi, domin a nan aka taɓa cuta ta. Na biya wa ɗana kuɗin wata uku a wata cibiya, aka yaye su da takardar shaida mai hatimin ruwan zinare, amma da na zaunar da shi na ce ya ƙara maɓalli ɗaya kacal a manhajar da aka ce shi ya haɗa, sai ya sunkuyar da kai. Ashe manhaja ɗaya aka raba wa duk ajin, kowa ya sauya launi da suna. Laifin ba na yaron ba ne, kuma har yau abin yana yi mini ciwo.

Saboda haka kada hoton bikin yaye ɗalibai ya ruɗe ka. Ka nemi a kira maka tsohon ɗalibi ya gyara wani abu a manhajarsa a gabanka, ka kuma ƙirga kwamfutocin da ke aiki, ba waɗanda aka jera don ado ba. Duk wanda ya yi alkawarin aikin dala bayan mako shida, ka kama hannun ɗanka ku fita. Wanda ya ce a kawo kuɗi duk shekara don ɗora manhaja a Play Store ƙarya yake yi, domin dala 25 Google yake karɓa sau ɗaya, Apple ne mai dala 99 a shekara. Haka nan shirin 3MTT na koyar da fasahar zamani da gwamnatin tarayyar Najeriya ta fara a 2023 kyauta ne, mai sayar maka da fom ɗinsa ɗan damfara ne.

Idan kuma kwamfuta ta hannu za ka saya, kada ka yarda da takardar da aka manna a jikinta. Ka sa a kunna ta, ka duba girman RAM a cikin saitinta da kanka, sannan a zare caja ka zauna minti 30 a shagon ka ga yadda batirin zai yi.