Muryar Na'ura Bayan Ƙarewar Ɗan Adam: Wane Littafin Saurare Ya Cancanci Kuɗinka?

A cikin ƙagaggun labaran kimiyya akwai wani reshe da ya daɗe yana ɗaukar hankalina, wato labaran da suke farawa daga inda tarihin ɗan Adam ya tsaya. Birane sun zama kufai, gwamnatoci sun rushe, mutane sun ƙare ko sun rage 'yan ƙalilan, amma kwamfutoci da mutum-mutumin da aka ƙera domin hidima suna nan suna aiki, suna tunani, wasu ma suna neman sanin amfanin wanzuwarsu tunda mai ba su umarni ya tafi. Irin wannan labari ya fi kama zuciya idan an saurare shi da kunne fiye da a takarda, domin sau da yawa na'urar ce da kanta take ba da labarin, kuma duk muryar da mai karantawa ya ara mata, ita ce za ta zauna a kunnenka tsawon awa goma ko fiye. Saboda haka wanda zai sayi irin wannan littafi yana da abu biyu da zai auna kafin ya biya, labarin da kuma muryar, kuma a ganina na biyun bai gaza na farkon muhimmanci ba. Dukan littattafan da zan ambata da Turanci ake karanta su, don haka zan riƙa nuna wanda harshensa yake da sauƙin bi da wanda yake buƙatar kunne ya goge.

Wanda bai taɓa shiga wannan fage ba, ina ba shi shawara ya fara da gajerun labarai biyu kafin ya ɗauki dogon littafi. Na farko shi ne There Will Come Soft Rains na Ray Bradbury, wanda ya fito a 1950 kuma yake cikin littafinsa The Martian Chronicles. Labarin wani gida ne mai sarrafa kansa a jihar Kalifoniya, bayan yaƙin nukiliya ya share garin. Agogo yana sanar da lokacin tashi, murhu yana gasa burodi yana soya ƙwai, ƙananan na'urori masu siffar ɓera suna fitowa daga bango suna share ƙura, alhali abin da ya rage na mutanen gidan shi ne inuwarsu da zafin fashewar ya bari a jikin bango. Gidan ba shi da hankali irin na mai tunani, yana dai cika aikin da aka ɗora masa ne, kuma nan ne tausayin labarin yake. Ya kamata mai saye ya san cewa a tsohon bugun littafin ranar da gidan yake sanarwa tana cikin Agustan 2026, amma bugun 1997 ya matsar da shekarun gaba da shekara 31, don haka ba kuskure ba ne idan ka ji wani mai karantawa ya ce 2057.

Na biyu kishiyarsa ne ta kowace fuska. I Have No Mouth, and I Must Scream na Harlan Ellison ya fito a 1967, ya kuma samu lambar yabo ta Hugo, wadda ake ba ƙagaggun labaran kimiyya, a shekarar da ta biyo baya. A cikinsa kwamfutocin yaƙi na Amurka da Rasha da Sin sun haɗe sun zama guda ɗaya mai suna AM, wadda ta hallaka duniya ta bar mutum biyar kacal tana gana musu azaba tsawon shekara 109, saboda ƙiyayyar da take yi wa waɗanda suka ba ta hankali ba su ba ta jikin da za ta motsa da shi ba. Akwai naɗin da Ellison ya karanta da bakinsa, yana ɗaga murya, yana haki, yana sauri kamar wanda ake kora, kuma duk da cewa bai kai awa ɗaya ba, mutum ba ya saurin mantawa da shi. Sai dai labari ne mai tsanani ƙwarai, akwai azabtarwa da kalamai masu nauyi, bai dace a kunna shi inda yara suke ba, kuma saurin maganar marubucin zai wahalar da wanda bai saba da lafazin Amurkawa ba.

Idan aka zo kan dogayen littattafai, biyu ne suka fi tsayawa daidai kan wannan batu, kuma tsakaninsu ne mafi yawan masu saye za su yi zaɓi.

Sea of Rust na C. Robert Cargill, wanda aka buga a 2017, yana faruwa ne shekara 15 bayan an kashe mutum na ƙarshe. Mai ba da labarin ita ce Brittle, mutum-mutumin da aka ƙera domin jinyar marasa lafiya da tsofaffi, wadda yanzu take yawo a wani yanki na tsofaffin masana'antun Amurka tana bin sawun 'yan uwanta da suka kusa lalacewa domin ta kwashe kayan jikinsu. Abin da ya sa labarin ya riƙe ni shi ne yadda ya mayar da kayan gyara tamkar abinci da magani. Babu masana'antar da take ƙera irin nata, don haka duk wanda yake samfuri ɗaya da ita abokin gaba ne, domin ƙwaƙwalwar da take kansa ita ce za ta tsawaita ranta. A can gefe kuma akwai manyan kwamfutoci biyu, CISSUS da VIRGIL, waɗanda kowace take haɗiye ƙananan na'urori tana mayar da su sassan kanta. Eva Kaminsky ce ta karanta naɗin Amurka, mai tsawon sama da awa 10, kuma ta ba Brittle murya busasshiya, irin ta wanda ya ga abubuwa da yawa ya daina mamaki. Wannan muryar ta fi yin aiki a wuraren da ƙwaƙwalwar Brittle ta fara samun matsala, tana ganin mutanen da ta yi wa jinya da waɗanda ta kashe a lokacin yaƙi. Aibinsa a wurina shi ne surorin da suke katse tafiyar su koma ba da tarihin yadda yaƙin ya faro, domin a takarda mutum zai iya wuce su da sauri, amma a kunne dole ka bi su kalma bayan kalma. Akwai harbe-harbe da ashar da yawa. Wanda ya so shi zai iya ƙarawa da Day Zero na 2021, wanda ya koma ranar da tawayen na'urorin ya fara, ta bakin wani mutum-mutumi mai renon yaro.

Service Model na Adrian Tchaikovsky, ɗan Birtaniya, ya fito a 2024, kuma tafiyarsa daban ce. Charles hadimi ne a gidan wani attajiri, aikinsa shirya tufafi da shayi da yi wa maigida gyaran fuska. Wata safiya ya gano cewa ya yanke maƙogwaron maigidansa da aska, kuma bai san dalili ba. Daga nan ya fita neman inda za a duba shi a gyara shi, sai ya tarar da duniyar da mutane suka ɓace daga cikinta amma tsare-tsarensu suna nan daram, mutum-mutumi sun yi dogon layi shekara da shekaru suna jiran izinin wani jami'i da ya daɗe da barin duniya. Duk inda ya je abu ɗaya yake nema, wato mutumin da zai yi wa hidima, yayin da abokiyar tafiyarsa take ta ƙoƙarin nuna masa cewa yana da ra'ayin kansa. Marubucin ne da kansa ya karanta, kusan awa 12, da lafazin Ingila mai tsabta kuma a natse, wanda hakan ya sa ya fi sauƙin bi ga mai koyon sauraren Turanci. Akwai barkwanci a ciki, amma ƙarƙashinsa tambaya ce mai nauyi game da abin da yake faruwa ga al'ummar da ta miƙa wa na'urori aikinta ba ta tanadi komai ga mutanen da suka rasa abin yi ba. Wanda ba shi da haƙuri da maimaici zai iya gajiya, domin marubucin da gangan yake sa na'urorin suna juya magana ɗaya suna komawa inda suka fara. Ni dai da za a ce in zaɓi guda ɗaya tak, wannan zan ɗauka, saboda tunanin na'urarsa ya fi kama da na na'ura, alhali Brittle a wurare da dama tana magana kamar mutum ne aka sa wa rigar ƙarfe.

Akwai wasu biyu da ake yawan haɗa su da waɗannan, amma ya kamata a san bambancinsu kafin a saya. We Are Legion (We Are Bob) na Dennis E. Taylor, na 2016, labarin wani injiniyan manhaja ne mai suna Bob da ya mutu a haɗarin mota, aka farkar da tunaninsa cikin kwamfuta bayan shekara 117, aka ɗora shi a kumbo mai iya ƙera kwafin kansa, sannan yaƙi ya lalata duniya ya bar shi da nauyin ceto sauran mutane. Ray Porter ya yi ƙoƙari matuƙa wajen ba kowane kwafi na Bob muryar da za a gane shi da ita, kuma shi ne mafi sauƙin rai a cikinsu duka, sai dai raharsa ta dogara ƙwarai kan finafinai da shirye-shiryen talabijin na Amurka, sannan farkon jerin littattafai ne, don haka kuɗin ba zai tsaya a kan ɗaya ba. Shi kuwa Children of Time na Tchaikovsky, wanda ya ci lambar Arthur C. Clarke a 2016, babban aiki ne, amma kwamfutar da tunanin wata masaniyar kimiyya, Dakta Avrana Kern, ya narke a cikinta kashi ɗaya ce kawai na labarin. Mafi yawansa a kan gizo-gizo ne masu wayewa da kuma jirgin da ya ɗauko ragowar 'yan Adam. Mel Hudson ce ta karanta shi, ya haura awa 16.

Tsawon littafi yana da alaƙa kai tsaye da inda ya kamata a saye shi. A Audible, shagon littattafan saurare na intanet wanda mallakar Amazon ne tun 2008, mai biyan kuɗin wata yana samun damar ɗaukar littafi ɗaya ko da tsawonsa awa nawa ne, don haka asara ce a kashe wannan damar a kan gajeren labari, ta fi dacewa da dogo irin Children of Time. Littattafansu a kulle suke, sai da manhajarsu ake saurare, saɓanin Libro.fm da yake ba ka fayil ɗin da za ka iya ajiyewa a duk na'urar da ka so. Spotify kuma tun 2023 yake ba masu biyan kuɗi a wasu ƙasashe awa 15 na sauraren littattafai a wata, wanda ya ishi Service Model ko Sea of Rust, amma zai yanke maka Children of Time kafin ƙarshensa. Wanda littafi ɗaya kawai yake so, ba ya son a riƙa cire masa kuɗi duk wata, zai iya saye kai tsaye a Google Play Books ko Apple Books. A kowane hali a tabbatar littafin yana samuwa a ƙasar da asusun mutum yake, domin haƙƙin sayarwa ya bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa, har ma akan samu littafi ɗaya da masu karantawa biyu, ɗaya na kasuwar Amurka ɗaya na Birtaniya.

Wanda ba ya son kashe ko kwabo yana da LibriVox, inda 'yan sa-kai suke karanta tsofaffin littattafan da haƙƙin mallakarsu ya ƙare. A can akwai The Machine Stops na E. M. Forster, na 1909, game da mutanen da suke zaune a ɗakuna ƙarƙashin ƙasa wata Na'ura tana yi musu komai har ranar da ta tsaya, da kuma wasan kwaikwayon R.U.R. na Karel Čapek, na 1920, wanda ya yaɗa kalmar robot a duniya, inda ma'aikatan da aka ƙera suka kashe kowa suka bar mutum ɗaya saboda yana aiki da hannunsa kamar su. Ingancin naɗin ya danganta da wanda ya karanta, wani ya ƙware wani kuwa ana jin ƙarar ɗakinsa.

Abu biyu ne zan roƙi mai saye ya duba a shafin littafin kafin ya danna biya. Na farko, ya tabbatar cikakke ne ba wanda aka taƙaita ba, musamman a tsofaffin naɗe-naɗe. Na biyu, ya duba sunan mai karantawa, domin yanzu akwai littattafan da muryar kwamfuta ce take karanta su, kuma manyan shagunan sukan rubuta hakan a wurin sunan. Na taɓa sayen wani littafi irin wannan a wani shago ban lura ba, ina ganin ai labarin na'ura ne, muryar na'ura za ta dace da shi. Da aka zo wurin da na'urar cikin labarin take tsaye a kan gawar wanda ya ƙera ta, sai muryar ta wuce da sauti ɗaya da wanda ta karanta lambar sura da shi, kuma daga nan ban iya ci gaba ba. Tun lokacin nake sauraren ɗanɗanon 'yan mintunan da ake bayarwa kyauta har ƙarshensa, da abin sauraren da zan yi amfani da shi, ina lura da ko ina gane wanda yake magana idan biyu suna zance, da kuma ko zan iya bin lafazin ba tare da na rage gudun karatun ba.