Swap a fayil ko a fatishan, wanne zai riƙa tashi da kansa?

Malam, swap dai wuri ne a kan disk da kwamfuta ke amfani da shi in RAM ta cika, kuma duka biyun suna tashi da kansu muddin ka sa layinsu a /etc/fstab, fayil ɗin da Linux ke dubawa lokacin tashi don sanin abin da zai haɗa, swapon, wato umarnin kunna swap, in da hannu ka buga shi ne ke ɓacewa da zarar ka kashe kwamfutar. Amma ni dai fayil zan ce ka yi.

Tsohuwar laftof ɗina RAM ɗinta 4GB ne kacal, da na buɗe shafuka da yawa sai ta daskare ƙam, ko linzamin ba ya motsi. Na haɗa mata fayil da sudo fallocate -l 4G /swapfile, sai chmod 600, sai mkswap, sai swapon, sannan na ƙara layi ɗaya a ƙarshen fstab, wato /swapfile none swap sw 0 0, shi ke nan fa. Wallahi tun ranar ban sake tunawa da shi ba, sai lokacin da na ga ya yi min kaɗan, na yi swapoff na goge shi na haɗa na 8G, ko minti biyar ban ɓata ba kuma ban taɓa tsarin disk ɗin ba. Ubuntu ma tun 17.04 a 2017 fayil suke sawa. Sai dai in tsarin ajiye fayil na disk ɗinka Btrfs ne, hanyar haɗa fayil ɗin daban ce, kar ka kwafi tawa.

Fatishan kuwa, to, in kana son hibernate, wato kwamfuta ta ajiye aikinka a disk ta mutu sannan ta ci gaba daga inda ka tsaya, ya fi sauƙin saitawa, wannan na yarda. Amma ni ya ba ni wahala, na ɗora wani Linux na biyu ya sake fomatin ɗinsa, UUID, wato lambar shaidar fatishan ɗin, ya canza, fstab kuma na ta neman tsohon, kullum sai na zauna minti ɗaya da rabi ina jira kafin ta tashi, sai da umarnin blkid ya nuna min sabuwar lambar.

Kafin ka taɓa fstab ka ajiye kwafinsa, bayan ka sake kunnawa ka duba da swapon --show.

Af, kuma a yi hattara da wasu masu sayar da laftof na hannu, sai su haɗa RAM da swap su ce maka 16GB ce alhali 8 ce. Buga free -h a gabansa ka dubi layin Mem kawai, swap a kan disk yake, ko kusa bai kai RAM gudu ba.

Yi fayil ɗin 4G kawai, ya ishe ka farawa.